Martani Ga Mai Cewa Oswald Biyu Ne

Na karanta maƙalar da wani Malam ya rubuta kwanan baya a kan kisan shugaban Amurka John Kennedy, na kuma maimaita karatunta sau biyu kafin in ɗauki alƙalami, domin mutum ne da nake girmama iliminsa, ba na kuma so in yi masa martani a kan abin da bai faɗa ba. Abin da ya tsaya a kai, in na fahimce shi daidai, shi ne cewa Lee Harvey Oswald, saurayin nan ɗan shekara 24 da aka kama a birnin Dallas ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 1963, ba shi kaɗai ne yake yawo da wannan suna ba. Akwai wani mai kama da shi wanda waɗansu ɓoyayyun mutane suka riƙa aikawa nan da can yana yin abin da zai ja hankali, domin in an wayi gari an yi kisan, jama'a su tuna, laifi ya rataya a wuyan wanda aka shirya wa shi tun farko. Babbar hujjarsa ita ce yawan shaidu. Ya jero mai sayar da motoci, da ma'abota filin koyon harbi, da wata mata 'yar Kyuba, da jami'in ofishin jakadanci a Meksiko, sa'an nan ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma hankali ba zai ɗauka ba a ce mutane masu yawa haka, waɗanda ba su san juna ba, sun haɗu a kan ƙarya. Har ya aro kalmar malaman hadisi, ya ce labarin ya kai haddin tawaturi. To, a kan wannan kalma ce na ga ya wajaba in yi magana, domin kalma ce mai nauyi a wurinmu, kuma in aka ɗora ta inda ba muhallinta ba, almajiri zai karanta ya ɗauka an rufe ƙofar bincike, alhali kuwa ba a ma buɗe ta ba tukuna.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Ba shi ya ƙago wannan ra'ayi ba, kuma waɗanda suka riga shi ba jahilai ba ne. Richard Popkin, malamin falsafa, ya yi littafi a kai tun 1966. Michael Eddowes, lauya ɗan Ingila, ya zo da nasa a 1977 yana cewa Rasha ce ta riƙe Oswald na ainihi ta aiko da ɗan leƙen asirinta a madadinsa. John Armstrong kuma a 2003 ya fitar da littafi mai shafi kusan dubu yana cewa tun suna yara su biyu ne, kowanne da tasa uwar. Hukumomin Amurka kuwa su da kansu suka share wa zato fili. Hukumar leƙen asiri ta CIA ta ɓoye wa kwamitin Warren, wanda ya binciki kisan ya ba da rahoto a Satumba 1964, cewa ta sha ƙulla makircin kashe jagoran Kyuba Fidel Castro, ba a kuwa tabbatar wa jama'a da wannan ba sai a 1975. A shekarar ce kuma aka ji cewa wani jami'in hukumar bincike ta FBI a Dallas ya lalata, bisa umarnin shugabansa, wata takarda da Oswald ya bar masa kafin kisan. Haka nan gaskiya ne J. Edgar Hoover, shugaban FBI, ya rubuta wa ma'aikatar harkokin waje ranar 3 ga Yuni 1960 cewa mai yiwuwa wani yana amfani da takardar haihuwar Oswald, a lokacin da shi Oswald yake zaune a Tarayyar Sobiyet, uwarsa kuma tana kukan ba ta jin ɗuriyarsa. Wanda aka yi wa rufa-rufa sau biyu, ba a ganin laifinsa in ya yi shakka a karo na uku. Sai dai shakkar hukuma mas'ala ce guda, tabbatar da samuwar mutum na biyu kuma mas'ala ce dabam, nauyin kawo hujja kuwa yana kan mai da'awa.

Malam ya fi ni sanin cewa malaman jarhi da ta'adili ba su taɓa wadatuwa da gaskiyar mai ruwaya kaɗai ba. Sharaɗi biyu suke nema a tare: adala, watau ya kasance mutumin kirki wanda ba ya ƙarya da gangan, da kuma dabɗi, watau ƙarfin kiyaye abin da ya ji ko ya gani har ya isar da shi yadda yake. Littattafan maruwaita cike suke da salihan bayi, masu tsayuwar dare, masu zuhudu, waɗanda aka ce mutanen kirki ne amma ba a kafa hujja da ruwayarsu, saboda wahami ya yi musu yawa. Duk maƙalar Malam an gina ta a kan sharaɗin farko. Kowane shaida ya ambata, sai ya tambaye mu, me wannan bawan Allah zai samu in ya yi ƙarya? Ni ma ban ce sun yi ƙarya ba. Abin da nake cewa shi ne mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan abin da bai faru ba, kuma wannan na gan shi da idona tun kafin in san akwai wani gari wai shi Dallas.

Ina yaro, kawuna shi ne muhuti a kotun alƙalin garinmu, nakan kuma bi shi in zauna can gefen shirayi in riƙe masa gafaka. Wata rana aka kawo wani saurayi ɗan ƙauye ana tuhumarsa da satar keke a kasuwa. 'Yan doka sun ratso da shi ta tsakiyar kasuwa da igiya a ƙugu, yara na biye suna ihu, kafin a iso kotu har mutum huɗu sun fito, dattawa, biyu daga cikinsu masu gemu fari, kowanne yana cewa lalle ya gan shi ran kasuwar da ta wuce yana rara-gefe wajen da ake jingine kekuna. Alƙali bai yi gaggawa ba. Ya sa aka raba su, aka riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowanne wace irin riga ce a jikinsa ran nan, da hula ko ba hula, kafin azahar ko bayanta. Wannan ya ce farar taguwa, wancan ya ce shuɗiya. Wannan ya ce da hantsi, wancan ya ce rana ta karkata. Daga nan sai ya yi musu tambayar da har yau ban manta da ita ba: yaushe ka fara tuna cewa ka gan shi? Dukkansu huɗu amsarsu ɗaya, sai da suka gan shi yau a hannun 'yan doka. Kafin la'asar mai unguwar ƙauyensu ya iso da mutanensa, aka ɗage wa yaron wando aka ga miki ɗanye a ƙwaurinsa, ashe ran kasuwar da ake magana yana kwance da kurkunu, ko bakin zaure ba ya iya fitowa. Alƙali ya sallame shi, bai kuwa kira dattawan nan maƙaryata ba. Ya dai gaya musu a hankali cewa lalle sun ga wani a ran nan, amma fuskar da suka sa masa yau suka samo ta.

Abin da igiyar 'yan doka ta yi a kasuwarmu, shi talabijin ya yi a Amurka baki ɗaya. Tun daga yammacin Juma'ar nan fuskar Oswald ta cika kowane allo da shafin farko na kowace jarida, ranar Lahadi 24 ga wata kuma Jack Ruby ya harbe shi a ƙarƙashin ginin 'yan sanda, mutane na kallo kai tsaye daga ɗakunansu. Fuskar kuwa ba ta da wata alama da za ta ware ta: farin saurayi siriri, matsakaicin tsawo, gashin goshi ya fara janyewa, irin wanda ake samun ɗaruruwansa a kowane gari na Texas. Ƙasa tana cikin firgici da makoki, kowa yana laluben ƙwaƙwalwarsa ko yana da abin da zai taimaka wa hukuma da shi. A irin wannan hali, baƙon da ya taɓa yi maka rashin kunya a kanti makonni uku da suka wuce, wanda ka manta kamanninsa ka riƙe haushinsa, nan da nan sai ya sami fuska da suna. Saboda haka kalmar tawaturi ba ta da wurin zama a nan ta fuska biyu. Tawaturi shi ne jama'a masu yawa su ba da labarin abu guda, kowa ta hanyarsa mai zaman kanta. Waɗannan kuwa ba abu guda suka gani ba, kowanne da nasa wurin da tasa ranar da nasa mutumin, watau tarin labaran ɗaiɗaiku ne. Sa'an nan isnadinsu duka, in ka bi shi, yana komawa ga tushe guda, shi ne hoton da aka nuna musu bayan an yi kisan. Ruwaya ɗari da ta ratsa ta bakin mutum ɗaya, hukuncinta hukuncin ruwaya ɗaya ne.

Mu duba waɗanda ya ambata. Albert Bogard, mai sayar da motoci a Dallas, ya ce ranar 9 ga Nuwamba wani ya zo ya ce sunansa Oswald, ya gwada mota da gudun ganganci, ya ce ba da daɗewa ba zai sami kuɗi. Ba a sami takardar da aka ce an rubuta sunan a kanta ba, abokan aikinsa sun saɓa a kan siffar mutumin har ɗaya ya ce gajere ne ƙwarai, Ruth Paine kuma, matar da iyalin Oswald suke zaune a gidanta a Irving, ta shaida cewa ran nan yana tare da ita, ita ce ma ta kai shi ofishin neman izinin tuƙi suka tarar an rufe. Wani daga cikin mutanen filin harbi ya ce ya gyara wa Oswald madubin bindiga ranar 28 ga Satumba, ranar da Oswald yake birnin Meksiko. Malam ya ɗauki wannan saɓani ya mai da shi hujja, ya ce tun da na ainihi yana wani wuri, ke nan wanda aka gani na bogi ne. Amma akwai fassara ta uku wadda ta fi kusa, bai ko tsaya ya gaishe ta ba: wanda aka gani wani mutum ne dabam, yana harkar gabansa, bai taɓa jin sunan Oswald ba. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane. Kuma wane irin mai makirci ne zai ɗauki gajeren mutum ya ce ya kwaikwayi matsakaici, ya sa shi ya yi tseren mota da sunan wanda ko izinin tuƙi ba shi da shi, a ranar da wancan yake zaune gaban shaidu a wani gari?

Abin da ya fi damuna a maƙalar shi ne mudu biyu da aka yi awo da su. Da Malam ya zo kan Howard Brennan, ma'aikacin da yake zaune daura da ginin ajiyar littattafai inda Oswald yake aiki, ya ce ya ga mai harbi a tagar hawa na shida, sai ya yi watsi da shi, domin a daren Juma'a da aka jera masa mutane ya ƙi tabbatar da cewa Oswald ne, daga baya ya ce tsoro ne ya hana shi, ga shi kuma ya riga ya ga hotonsa a talabijin. Haka ya yi wa Helen Markham, wadda ta ga kisan ɗan sanda J. D. Tippit kimanin minti 45 bayan harbin shugaban, saboda maganarta ta yi ta rikicewa. Na yarda da shi a kan wannan taka-tsantsan, kwamitin Warren ma da kansa ya ce bai gina hukuncinsa na wane ne mai harbin a kan ganewar Brennan ta daga baya ba. To, amma illar da ta kayar da Brennan ita ce dai illar da ke jikin Bogard da mutanen filin harbi, har tasu ta fi muni, domin shi Brennan ya ba 'yan sanda siffar mutumin cikin mintocin farko, tun ba a san wa za a kama ba. Ba daidai ba ne a sa wa shaidan da ya saɓa maka ma'aunin Buhari da Muslim, wanda ya dace da ra'ayinka kuma a karɓe shi da ma'aunin hirar dandali. Abin da ya ɗaure Oswald a bakin masu bincike ma ba ganin ido ne jigonsa ba: takardar odar bindiga ce daga wani kanti a Chicago a Maris 1963 da sunan A. Hidell, da rubutun hannunsa a kanta, da akwatin gidan waya mai lamba 2915 da ya kama a Dallas, da shatin tafin hannunsa a jikin bindigar, da kwanson harsasai da aka tsinta inda Tippit ya faɗi waɗanda suka dace da ƙaramar bindigar da aka kama shi da ita a gidan silima. Ana iya jayayya a kan waɗannan, an kuma yi, amma abubuwa ne da ake iya ɗorawa a kan tebur a sake aunawa bayan shekara hamsin, ba su kuma sauya magana don sun kalli talabijin.

Turawa da kansu sun sha ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. A Landan, a 1896, aka ɗaure wani mutumin Norway mai suna Adolf Beck bisa zambatar mata da karɓe musu zobba, aka sake kama shi a 1904 a kan irin laifin, mata fiye da goma suka nuna shi da yatsa ba tare da shakka ba. Yana tsare aka kama mai laifin na gaskiya yana cikin aikata ta'asarsa. Abin lura shi ne tun da farko akwai shaida a jiki: bayanan kurkuku sun nuna wanda ya taɓa yin irin wannan zamba shekarun baya yana da kaciya, shi kuwa Beck ba shi da ita. Wannan shari'a tana cikin dalilan da suka sa Ingila ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuffuka a 1907. Daga baya masana halayyar ɗan Adam suka gwada abin a aji. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta suka nuna wa ɗalibai hoton haɗarin mota, suka sauya kalma ɗaya tak a cikin tambayar da suka yi musu. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi suka ƙiyasta gudu mai yawa, bayan mako guda kuma suka fi sauran cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a hoton. Malamanmu sun san wannan cuta tun fiye da shekara dubu, suna kiranta karɓar talƙini, watau a laƙƙana wa mai ruwaya abin da ba ya cikin ruwayarsa ya amsa, kuma sukan sauke darajar wanda aka same shi da ita ko da ya kai kowa ibada. Mutumin da jami'an FBI suka yi wa tambaya, 'yan jarida suka biyo, marubuta littattafai suka yi ta sallama a ƙofarsa shekara da shekaru kowa da amsar da yake fatan ji, yaya ruwayarsa ta ƙarshe za ta zama daidai da ta farko?

Shaida guda ce a jerin Malam nake ɗaga wa hula, ita ce Sylvia Odio. 'Yar gudun hijira ce daga Kyuba, mahaifinta yana kurkukun Castro, ta ce a ƙarshen Satumba 1963 mutum uku suka zo ƙofarta a Dallas suna neman taimako don yaƙar Castro, biyu masu jin Sifaniyanci, na ukun Ba'amurke da aka gabatar mata da sunan Leon Oswald, daga baya kuma ɗayansu ya bugo mata waya yana siffanta Ba'amurken da cewa tsohon soja ne, gwanin harbi, mai taɓin hankali. Ƙanwarta Annie ta ga mutanen, likitanta kuma ya ce ta ba shi labarin ziyarar tun kafin kisan, wannan kuwa shi ne abin da sauran shaidun ba su da shi. Kwamitin Warren ya ture maganarta cikin gaggawa, ya jingina da bayanin wani Loran Hall wanda ya janye maganarsa ba da jimawa ba. Kwamitin majalisar wakilai da ya sake bincike daga 1976 zuwa 1979 ya ce maganarta abin gaskatawa ce. Amma me take tabbatarwa? In Oswald na ainihi ne ya tsaya a ƙofarta a kan hanyarsa ta zuwa Meksiko, to labarin ya zama na abokan da yake tafiya da su, wanda babban al'amari ne ya kuma cancanci bincike, sai dai ya rushe batun mutum na biyu maimakon ya gina shi. In kuwa wani ne, mun koma ga ganin 'yan mintoci a bakin ƙofa da dare, da fuskar da aka gane a talabijin bayan wata biyu.

Da'awar musanya mutum kuwa, ba kamar sauran zace-zace ba, an taɓa kai ta ma'auni har cikin kabari, kuma na yi mamaki da Malam ya wuce wannan da layi ɗaya. Eddowes mutum ne mai nauyi. Shi ne ya rubuta littafi a 1955 yana kare Timothy Evans, wanda aka rataye a Ingila a 1950 a kan kisan da daga baya aka gane maƙwabcinsa ne ya cancanci tuhuma, aka kuma yafe masa bayan mutuwa a 1966. Eddowes ya lura cewa takardun Oswald sun saɓa a kan tsawonsa, wasu ƙafa 5 da inci 9, wasu da inci 11, kuma likitan da ya binciki gawar a 1963 bai ambaci tabon aikin da aka yi masa a bayan kunne yana ɗan shekara shida ba. Ya yi ta shari'a, ɗan'uwan mamacin Robert yana ƙi, matar mamacin Marina tana goyon baya, har ranar 4 ga Oktoba 1981 aka tone kabarin a maƙabartar Rose Hill ta Fort Worth, aka kai gawar asibitin jami'ar Baylor a Dallas. Likitoci ƙarƙashin jagorancin Dokta Linda Norton suka gwada haƙoran da hotunan haƙoransa na zamanin da yake soja, tun kafin ya taka ƙasar Rasha a 1959, suka dace. Suka duba ƙashin bayan kunne, suka sami gurbin aikin nan na ƙuruciya. Eddowes, wanda shi ya ɗauki nauyin kuɗin aikin, ya karɓi sakamakon. Waɗansu mabiyan ra'ayin kuwa sai suka koma cewa ai an riga an shiga kabarin an musanya kan. A nan ne nake roƙon Malam ya tsaya ya yi tunani, domin ra'ayin da in an sami hujja a kansa ya ce ga ta, in an sami wadda ta rushe shi ya ce wannan ma aikin masu makirci ne, ya fita daga babin ilimi, babu sauran abin da zai iya gyara shi. Ga kuma uwarsa Marguerite da wansa Robert da matarsa, dukkansu sun gana da shi a hannun 'yan sanda ranar Asabar 23 ga wata. In za a ƙaryata ganin uwa ga ɗanta, da wane dalili za a gaskata ganin mai sayar da mota ga baƙon da ya zauna da shi rabin sa'a?

Mu ma nan gida ba baƙi ba ne ga irin wannan. Bayan doguwar jinyar da shugaba Muhammadu Buhari ya yi a Landan a 2017, ji-ta-ji-ta ta bazu cewa ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, mutane suka yi ta auna kunnuwa da tafin hannu a hotunan waya, har sai da ya tsaya gaban 'yan Nijeriya a ƙasar Polan a Disamba 2018 yana cewa shi ne dai. Na zauna da masu ilimi a lokacin waɗanda suka rantse mini sun ga bambanci a fuskar, kuma na tabbata har zuciyarsu sun gani.

Saura Meksiko, inda nake ganin Malam ya taka gaskiya da ƙafa ɗaya ya wuce bai duba ba. Cewa Oswald da kansa ya je birnin daga 27 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba 1963 yana neman izinin shiga Kyuba da Rasha, wannan yana da hujjoji masu zaman kansu: fasinjojin da suka yi hira da shi a cikin bas, sa hannunsa a littafin masauki, takardar neman biza mai hotonsa da sa hannun da masana rubutu suka tabbatar nasa ne, sunan Silvia Duran ma'aikaciyar ofishin Kyuba da lambar wayarta a cikin ɗan littafinsa, wasiƙar da ya rubuta wa ofishin jakadancin Sobiyet a Washington ranar 9 ga Nuwamba yana ba da labarin tafiyar, da jami'in hukumar leƙen asirin Sobiyet ta KGB Oleg Nechiporenko wanda ya gana da shi ya kuma tabbatar a littafinsa na 1993. Gaskiya ne ƙaramin jakadan Kyuba Eusebio Azcue ya ce a 1978 mutumin da ya yi cacar baki da shi ba Oswald ba ne, amma wannan bayan shekara 15 ne, abokin aikinsa Alfredo Mirabal kuma, wanda shi ma yana wurin, ya ce shi ne. Inda ƙura take shi ne wajen wayar tarho. CIA tana sauraron layukan ofishin Sobiyet, ta kuma naɗi kira a ranar 28 ga Satumba da 1 ga Oktoba, a na biyun mai magana ya ambaci sunan Oswald, mai fassara ya rubuta cewa Rashancinsa gurɓatacce ne, alhali Oswald ya zauna a can kusan shekara uku ya auri 'yar ƙasar. Hoton da ofishin CIA ya haɗa da sunan na wani ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ko kusa bai yi kama da shi ba. Ranar 23 ga Nuwamba Hoover ya gaya wa sabon shugaba Lyndon Johnson ta waya cewa murya da hoton ba su dace da mutumin da ke tsare ba; daga baya FBI ta ce rubutaccen bayani kawai aka kai Dallas, CIA ta ce an goge faifan tun kafin kisan, lauyoyi biyu na kwamitin Warren kuma suka ce an kunna musu shi a Meksiko a Afrilu 1964.

Wannan tufka da warwara ba daga ƙwaƙwalwar mai sayar da mota ta fito ba, a rubuce take cikin takardun hukuma, waɗanda dokar 1992 ta tilasta a buɗe, aka kuma ƙara sakin dubban shafuka a Maris 2025. Amma a lura, aron sunan mutum a waya ba ya bukatar mai kama da shi, ko uwa ta biyu, ko kabarin da aka musanya. Jami'in leƙen asiri da ke son ya ji abin da ofishin jakadanci zai ce game da wani baƙo yana iya ɗaga tarho ya ambaci sunan baƙon, ma'aikatarsa kuma ta yi shekara sittin tana ɓoye abin don kada a san irin aikin da take yi a ƙasar mutane. Da Malam ya ajiye Bogard da filin harbi, ya tattara ƙarfinsa a kan kiran nan biyu, wa ya buga su, wa ya saurari faifan, yaushe aka goge shi kuma da umarnin wa, da ni ne farkon wanda zai zauna a gabansa da allo. A kan wannan nake jiran maƙalarsa ta gaba.